Yatsa Ukun Kaltumi

Ranar Litinin, biyu ga Nuwamba, 1964, da misalin ƙarfe tara da rabi na safe, Madam Rahamatu ta fara ganin Kaltumi. Madam tana tsaye a ɗakin koyon ɗinki na mata da ke bayan bariki, a nan Tawa, tana nuna wa ɗalibanta takwas yadda ake sa wa keke zare, sai aka yi sallama daga bakin ƙofa. Wata doguwar mata ce mai kimanin shekara talatin da biyar, da baƙin zane da ƙunshin kaya a ka. Ta sauke ƙunshin, ta tuɓe takalma, ta durƙusa, ta soma gaisuwa. Ta tambayi gajiya, ta tambayi gida, ta tambayi iyayen Madam da ba ta taɓa gani ba, sannan ta juya ta bi ɗaliban ɗaya bayan ɗaya. Madam ta dubi agogonta. Minti goma sha ɗaya gaisuwar ta ci.

"Daga ina, Yaya?" in ji Madam.

"Daga Barmu. Ɗumki na zo koyo."

"An fara tun wata guda."

"To, ai ba a gama ba."

Madam Rahamatu tana da shekara ashirin da huɗu a lokacin. Haifaffiyar Tawa ce, ta yi shekara biyu a Yamai tana koyon ɗinki da yanka, aka turo ta gida da keke biyu, da almakashi uku, da umarni ɗaya: ta fitar da matan da za a iya ɗauka aiki. Ta ɗauki umarnin da gaske. A wurinta iya ɗinki rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne zuwa ƙarfe takwas, da gajeriyar gaisuwa, da wanke hannu kafin a taɓa yadi, da rubuta awo a kaye, wato littafin rubutu, da tofar da goro tun daga waje. Ta dubi matar da ke durƙushe, ta ga babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da za ta iya. Ta rubuta sunanta ne kawai don benci yana da sauran wuri.

A kwana na uku Balki, wadda ta fi sauran ɗaliban baki, ta gaya wa Madam abin da ya kawo Kaltumi. Mijinta ya rasu ya bar ta da ciki, ta haifi 'ya mace aka sa mata Talle. Bara, da aka zo ƙauye ɗibar yara, aka ɗauko Talle aka kawo ta makarantar 'yan mata ta kwana da ke Tawa. Kaltumi ta daure shekara guda tana sayar da gero da fura a kasuwar Barmu, daga nan ta kasa. Wan mijinta, Ciɗo, wanda take zaune a gidansa, ya yarje mata ta tafi rani, da sharaɗin ran da aka yi ruwan shuka ta koma gona, sai fa in gwamnati ta ba ta aiki.

"Kar ki tambaye ta, Madam," in ji Balki. "Ɗiyar fari ta. Ko sunanta ba ta faɗi. Cewa za ta yi ba ta san da wata yarinya ba."

Madam ba ta tambaya ba. Amma ta lura Kaltumi ta zaɓi ƙarshen benci, dab da taga, inda 'yan makarantar ke wucewa a jere zuwa rijiya da ƙarfe goma. In sun zo wucewa, ba ta ɗaga kai. Allurarta ce kawai ke tsayawa har sai jeren ya ƙare.

Abin da ya ba Madam mamaki shi ne yadda matar ta ɗauki karatu. Cikin mako biyu ta soma riga kowa zuwa. Gaisuwarta ta sauko daga minti goma sha ɗaya zuwa biyu, ko da yake takan ƙarasa sauran a bakin ƙofa in an tashi. Ba ta iya rubutu ba, amma ta koyi lambobi daga ɗaya zuwa ɗari da hamsin, iyakar abin da ke jikin metir ɗin awo, tana zana su a kaye kamar mai zanen ƙwarya. Keke kuwa, kamar da ita aka haife ta. Layin ɗinkinta ya fi na Madam miƙewa, Madam ta san haka, ba ta dai faɗa ba.

Matsalar ta fito a watan Janairu, ran da aka bar yanka takardar buhun siminti aka koma yadin gaskiya. Madam ta ba kowace ɗaliba awon wata yarinya ta ɗinka mata riga. Da aka gama ta bi da metir tana dubawa. Ta Balki ta ragu da santi ɗaya, ta Kadidiya ta karkace a wuya. Ta Kaltumi ba ta da aibi ko ɗaya, sai dai ta ɗara awon da santi biyar a ƙirji, santi biyar a tsawo, santi biyar a hannu.

"Yaya Kaltumi, nawa na ce ƙirji?"

"Sittin da huɗu."

"Nawa kinka yanka?"

"Sittin da huɗu. Da gyara."

"Da mi?"

Kaltumi ta ɗaga yatsa uku a haɗe. "Gyara, Madam. Ke in kin sayi gero tiya guda, a shafe miki baki a miƙo miki hakanan? Ba ki komawa wurin mai geron ga."

Ɗaliban suka kwashe da dariya. Madam ta bari suka gama, sannan ta yi bayani a tsanake. Riga ba gero ba ce. Awo awo ne. Wanda ya ba ka sittin da huɗu, sittin da huɗu yake so. Kaltumi ta saurara da ladabi, ta ce, "To, Madam." Riga ta biyu ta fito da santi biyar. Ta uku ma haka. Ba huɗu ba, ba shida ba. Madam ta auna yatsun matar da kanta, uku a haɗe, santi biyar cif.

Daga nan aka shiga abin da ya ɗauki wata huɗu. Madam ta sa ta farke riga ta sake yankawa, ta farke ba musu, ta sake ƙarawa. Madam ta tsaya a kanta tana kallo, ta yanka daidai, amma da Madam ta juya wajen Kadidiya sai ta matsar da layin ɗinki zuwa bakin yadi ta ƙwato yatsa biyu. Wata rana Madam ta yi dabara, ta rage santi biyar daga kowane awo kafin ta faɗa mata, don in an ƙara gyaran ya dawo daidai. Kaltumi ta rubuta lambobin, ta dubi yarinyar da aka auna tun daga kai har ƙafa, ta ce, "Madam, metir ɗin ga naki ya rame. Yarinyar ga ta hi haka." Ta ƙara yatsa shida.

Ran nan Madam ta fita waje ta tsaya gindin itacen bedi har fushinta ya sauka.

A farkon Afrilu takarda ta zo daga makarantar 'yan matan. Suna neman tela mace guda ɗaya wadda za ta riƙa ɗinka wa ɗalibai riguna, da ɗaki a cikin makarantar. Za a yi gwaji ranar ashirin ga Mayu. Madam ta karanta takardar a gaban kowa, ta ga Kaltumi ta sunkuyar da kai tana gyara zaren da ba abin da ya same shi. Da aka tashi ta tsayar da ita.

"Yaya, zauna. Aikin ga naki na. Ba wadda ta kama ƙafarki a ɗakin ga. Amma ekonom ɗin makarantar, mai riƙon kuɗinsu da kayansu, Mushe Almustafa, da metir yake kwana. In ya ga santi biyar ɗinki, kin faɗi. In kin faɗi, ruwa na sauka Ciɗo na aikowa. Kin gane?"

"Na gane."

"To don Allah, don Annabi, mi ag ga gyaran ga? Riya kike? Tsoron yadin ya ƙare kike?"

Kaltumi ta dubi yatsunta uku. Sannan ta ce, "Sau ɗaya na ga an gwada mutum daidai. Ran da maigidana ya rasu. Sun zo da kara, sun aza daga kai zuwa ƙafa, sun karya daidai, sun tahi da shi wurin masu gina kabari. Ba su ƙara ko yatsa ba, don ba shi ƙara komi." Ta goge bakinta da gefen zane. "Ke kuma ki ce in kama ɗiyar mutane, tana numfashi, tana cin tuwo, in gwada ta daidai. Hannuna ba shi yi, Madam. Na gwada."

 A Yamai an koya wa Madam amsar tambayoyi da yawa, ban da wannan. Haushin da ta ji ya fi na kullum, domin yanzu ba ta da damar kiran abin taurin kai.

Kwana biyu tana juya maganar. A na uku ta zo da wata tsohuwar riga, ta juya cikinta, ta ajiye gaban Kaltumi.

"Ga inda za ki sa gyaranki. Ciki. Ki kalmashe shi a gindi, ki kalmashe shi a gefe, ki danne da ɗumki. Daga waje metir shi ga sittin da huɗu. Daga ciki yatsunki na nan. In yarinya ta girma a farke a saki. Kin yarda?"

Kaltumi ta shafa kalmasar da babban yatsa. "Yana nan dai?"

"Yana nan."

"Ba a yanke ba?"

"Ba a yanke ba, Yaya! Ɓoye shi kawai za ki yi."

"To, wannan ai ba komi."

Riguna shida ta ɗinka a haka kafin ranar gwaji, Madam ta auna kowace, ba ta sami ko rabin santi ba. Sauran kwanakin ta ƙarar da su wajen koya mata tsayuwa gaban ekonom. Gaisuwa kalma biyu. Ba a durƙusawa. In ya yi tambaya, a ce "Wi, Mushe" ko "No, Mushe", e ko a'a da Faransanci, a yi shiru. Balki ce ke zama ekonom, tana tura ciki gaba tana hura hanci, har sai Madam ta tsawata.

Abu ɗaya Madam ta manta ta yi tunaninsa. Duk rigunan shida an yanka su ne daga yadin ɗakin koyo, wanda ba mai ƙidaya shi.

Ranar Alhamis, ashirin ga Mayu, 1965, ba a karatu, aka yi gwajin a ɗakin ajiyar makarantar. Mata uku suka shiga: Balki, Kadidiya, Kaltumi. Mushe Almustafa, gajere mai tabarau, ya kira yara uku daga tsakar gida, Talle ba ta cikinsu. Ya ba kowace mace shuɗin yadi da ya riga ya yanka da hannunsa, daidai abin da riga ɗaya ke ci, ya rataye samfur a ƙusa: riga mai gajeren hannu da aljihu ɗaya a dama. Madam ta zauna bakin ƙofa. Tun da ta ga girman yadin ta gane babu wurin gyara. Ta ga Kaltumi ta shimfiɗa shi, ta aza yatsa uku nan, ta aza can, ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗauki almakashi.

Ita ta fara gamawa. Mushe Almustafa ya sa wa yarinyar rigar, ya zaro metir. Ƙirji daidai. Tsawo daidai. Hannu daidai. Ya duba layin ɗinkin, ya cire tabarau ya sake dubawa. Madam ta soma sakin numfashi. Sai ya kai hannu dama, ya shafa, ya shafa hagu.

"Ina aljihu?"

"Wi, Mushe," in ji Kaltumi.

"Na ce ina aljihu?"

"No, Mushe."

Ya juya rigar ya ga kalmasa mai faɗin yatsa uku a gindi da gefe biyu. Yadin aljihun ne ya tafi can. Ya dubi Madam, ya dubi Kaltumi. "Wa ya ce ki yi haka?"

Madam ta runtse ido tana roƙon Allah matar ta yi shiru. Kaltumi ta durƙusa.

"Mushe, yarinyar ga da ranta. Dubi ƙwaurinta, kafin kaka ta wuce rigar ga. Kai ba ka da ɗiya? In kana da su, ka san ba su tsayawa inda ka bar su. Aljihun mi za ta sa ciki, tana da kuɗi?"

Mushe Almustafa ya mayar da tabaransa. "Madam, samfur na ba da, ba shawara na nema ba." Ya auna ta Kadidiya, wuyan ya karkace. Ya auna ta Balki, ta ragu da santi ɗaya, amma da aljihunta a dama. Ya rubuta sunan Balki.

Madam ta riƙe bakinta har suka fita ƙofar makarantar. Nan ta fashe.

"Wata bakwai! Wata bakwai ina fama da ke! Na rage awo, kin ƙara. Na ce ɓoye, kin cinye aljihu. Na ce ki yi shiru, kin yi wa ekonom wa'azi! Ke da ke gudun kara, ke da ba ki son gwajin gawa, mi kinka ɗumka yau? Tufa wadda ba ta da aljihu! Wace tufa ce ba ta da aljihu, Yaya Kaltumi? Faɗa mini!"

Kowa ya san amsar, tun yara ake ji: likkafani ne ba shi da aljihu. Madam ta faɗa ne don zafin rai, kuma tun kafin ta rufe baki ta so ta janye. Kaltumi ta tsaya cik a tsakiyar hanya, ta dafa ƙirji.

"Innalillahi," ta ce. "Ɗiyar mutane."

Ta juya ta koma cikin makarantar da sauri. Madam ta bi ta tana kira. Ta same ta a tsakar gida ta riga ta tsayar da yarinyar, wadda har yanzu take sanye da shuɗiyar rigar. Kaltumi ta kama gefen baƙin zanenta, ta sa haƙori ta tsaga, ta zaro allurar da ke maƙale a ɗankwalinta, ta durƙusa ta soma ɗinka aljihu a jikin yarinyar. Baƙin aljihu a kan shuɗi. Yara suka kewaye su suna dariya. Wata siririya mai kama da ita ta tsaya a bayan sauran, ba ta dariya. Kaltumi ba ta dube ta ba ko sau ɗaya, sai dai allurar ta ɗan tsaya, sannan ta ci gaba.

Mushe Almustafa ya leƙo ta taga. "Madam, an gama gwaji. Gaya mata ba zai canza komi ba."

"Ta sani, Mushe," in ji Madam. "Ba don kai take yi ba."

An yi ruwan shuka ranar goma ga Yuni. Ranar Lahadi, goma sha uku ga wata, bayan an tashi kasuwa, Kaltumi ta hau kamyo, babbar motar Barmu, da ƙunshinta. Ta zo ta yi wa Madam ban kwana, gaisuwar ta koma minti goma sha ɗaya, Madam ba ta dubi agogo ba sai daga baya. Ta yi damina biyu a gonar Ciɗo. A tsakani takan zo kasuwar Lahadi da ɗan gero, ta zauna inda 'yan makaranta ke wucewa, ta koma.

A watan Satumba na 1966 Balki ta yi aure ta bi mijinta Ƙonni. Mushe Almustafa ya aiko wa Madam takarda yana neman wata. Kadidiya kaɗai ta rage a gari, wuyanta bai daina karkacewa ba. A ƙasan takardar ya ƙara layi ɗaya da hannunsa: in babu, a turo mai baƙin aljihu. Madam ta aika Barmu. Kaltumi ta kama aiki ranar Litinin, uku ga Oktoba. Ekonom ya gindaya mata sharaɗin bin samfur, ta ce "Wi, Mushe." Yadin da yake bayarwa bai ƙaru ba, gyaranta kuma bai ragu ba, don haka shekara uku 'yan makarantar suna yawo da aljihun da bai dace da rigarsu ba: wani ja, wani mai fure, wani na buhun gari, duk abin da ta tsinta a kwandon ƙyallen Madam. Sau huɗu Mushe Almustafa ya kawo ƙara ɗakin koyo. Sau huɗu Madam ta taka har makarantar ta yi faɗa, aka ce mata "To, Madam."

Talle ta gama makaranta a watan Yuni na 1969. A makon da aka sallame su Kaltumi ta share ɗakinta, ta sa wa keken mai, ta miƙa wa ekonom mabuɗi. Madam ta je ta same ta tana ɗaure kaya.

"Aikin gwamnati za ki bari? Bayan wahalar da na sha a kanki?"

"Ɗumki na zo koyo, Madam. Na koya."

Ta miƙa mata wata riga da ta ɗinka mata ba tare da ta auna ta ba. Ranar Lahadi, ashirin da tara ga wata, ta hau kamyo ita da yarinyar, tana gaba yarinyar tana baya, kamar ba tare suke ba. Da Madam ta koma gida ta shimfiɗa rigar ta sa metir. Ƙirji daidai, tsawo daidai, aljihu biyu. Ta juya cikin, yatsa uku suna nan a kalmashe. Ta yi tsaki, ta ninke ta, ta sa ta ranar Juma'a.

Kaltumi tana Barmu. Tana noma da damina, da rani tana ɗinki da hannu a ƙofar gidan Ciɗo, domin ba ta da keke. Ba ta sake aikin gwamnati ba.